Murjanin Hajja Batula

Ku ja tabarmar nan zuwa inuwa, ku kife wayoyinku. Labari na zo muku da shi yau, kuma a ƙarshensa akwai shari'a, ku ne alƙalan. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, kada a zo wurin hukunci ya ce a maimaita masa.

Kun san gidan da ke kallon nawa, mai koren ƙyaure, gidan marigayi Alhaji Ɗanjuma mai atamfa. Matarsa Hajja Batula ba a garin nan aka haife ta ba. Kakanninta Hausawa ne da suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka yada zango a bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, zangon ya zama gida. Can ta tashi, ubanta masunci ne mai nutso. Alhaji ya auro ta, ya kawo ta Kano, inda babban ruwan da za ta gani shi ne kududdufin bayan unguwa. Shekara hamsin ba ta koma ba. Abu biyu ta zo da su daga can: hannun haɗa turaren wuta, wanda duk unguwar nan babu mai kama ƙafarta, da sili ɗaya na jan murjani da ta gada daga mahaifiyarta, wanda ba ta cire shi daga wuya sai za ta yi wanka.

Da Alhaji ya rasu, Hajja ta gama takaba amma ta ƙi tashi. Ta juya fuska bango, a kawo tuwo a ɗauke shi yadda aka kawo. Likitoci suka duba, suka ce ba su ga ciwo ba. Wallahi na tausaya wa 'ya'yan nan, don suna ji suna gani uwarsu tana narkewa. Rannan 'yarta na shafa mata mai a ƙafa, sai ta ji tsohuwa ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Ko warin teku in ƙara ji."

'Ya'yanta uku ne. Babban shi ne Mujitaba, injiniyan lantarki, mutumin da in ka ba shi rediyo ya gyara sai ya dawo maka da ita tana yin abin da ba ka sa ta ba. Mai bi masa Rumasa'u, malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, ba ta yarda da magana sai ta auna. Autan shi ne Sagiru, mai ƙaramin kamfanin ruwan leda a bayan kasuwa, ba shi da yawan magana amma yana da ƙashin aiki. Su ukun suka zauna suka ce tunda Hajja ba ta da ƙarfin tafiya teku, to teku za ta zo falon Hajja.

Na yi musu dariya, ba zan ɓoye muku ba. Amma suka haɗa akwatin gilashi mai tsawon gado, mai cin ruwa duro biyu. Sagiru ya tace ruwa, aka narka gishirin teku a ciki, aka sa duwatsu da fitila da 'yan kifaye shuɗɗa da rawaya. Daga nan aka yo odar wani ɗan abu kamar yatsa daga wurin wani mai kiwonsu a Legas. Ku kun san murjani a wuyan mata. To ashe halitta ce mai rai. A cikin teku yake tsiro kamar dutse mai rassa, jikinsa cike da ƙananan bakuna da ke buɗewa kamar fure idan yana jin daɗi, su tsuke idan an ɓata masa.

Ranar da aka riƙo Hajja aka kawo ta falo, ta daɗe tana kallo. Sai ta tsoma yatsa ta lasa, ta ce irin wannan reshen babanta yake fitowa da shi daga nutso. A ranar ta ci tuwo malmala ɗaya da rabi. Cikin shekara biyu murjanin ya tashi daga yatsa ya kai faɗin faifai, Hajja kuma ta mayar da jikinta har ta koma haɗa turare. Kullum da safe takan ja kujera ta zauna gabansa tana yi masa Larabci. Ta taɓa ce wa 'ya'yan, tana murmushi, "Ni da shi tare muke." Su ba su yi murmushi ba, don sun san abin da suka gani a baya.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar. Ruwan teku kamar miya yake, sai dai miya ce da ba ta yafe kuskure. Abu uku ake lura da su: gishiri, tsami da kanwa. In rana ta sha ruwan, gishiri ya yi yawa. In tsami ya hau, murjani ya takura. Kanwar kuwa, ba irin ta kasuwa ba ce, Rumasa'u za ta yi mini faɗa in ta ji, wani farin gari ne da ake narkawa, amma aikinsa aikin kanwa ne, yana kashe tsami, kuma da shi murjani yake gina ƙashinsa. In ta yi kaɗan ya rame, in ta yi yawa ta ƙone shi.

Da fari Rumasa'u ce take zuwa kullum da 'yan kwalabenta tana ɗiga magani a ruwa tana duba launi. Mujitaba ya ce wannan wahala ce. Ya shige ɗaki wata biyu, ya fito da wata na'ura kamar akwatin takalmi, mai harsuna a cikin ruwa. Duk bayan 'yan mintuna sai ta zuƙi ɗan ruwa da kanta, ta auna gishiri da tsami da kanwa, ta aika masa da lambobin a waya. A goshinta akwai fitilu uku, kore in lafiya, ja in akwai matsala. Bai tsaya nan ba, kun san halinsa. Ya ƙara mata ɗan famfo da galan ɗin ruwan kanwa, ya umarce ta duk lokacin da ta ji tsami ya hau ta ɗiga kanwa ba sai ta tambayi kowa ba. Hajja ta raɗa wa na'urar suna Ɗanɗanau, kuma har gaishe ta take yi.

Sai Allah ya ba matar Sagiru haihuwa, 'ya mace, a tsakiyar bazara. Aka ce a gidan Hajja za a yi yinin suna. Mata suka cika falo, sun fi arba'in, banda goyo. Saboda zafi, Rumasa'u ta rufe tagogi duka, ta saki labule, ta kunna na'urar sanyaya ɗaki. Kuma don a san gidan wa aka zo, ita da kanta ta hura gawayi a kasko huɗu, ta zuba turaren da Hajja ta yi kwana arba'in tana jiƙawa, ta ajiye ɗaya a kowace kusurwa. Ƙamshi har ƙofar gida inda muke zaune mu maza. Kowa na yabawa, ni ma na yaba.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, akwai ɗan injin da ke zuƙar iskar ɗaki yana hura ta cikin ruwan don halittun su yi numfashi. Iskar da mutum arba'in suka fitar da hayaƙin kasko huɗu, duk cikin ruwan suke shiga, kuma irin wannan iskar tsami take zama a ruwa. Ɗanɗanau ta ɗanɗana ta ji tsami, ta ɗiga kanwa kamar yadda aka umarce ta. Ta sake ɗanɗanawa, tsami na nan, ta ƙara. Haka ta yi ta yi, baiwar Allah, ba ta saɓa umarni ko sau ɗaya ba. Fitilunta suka koma ja, amma wata baƙuwa ta rataye mayafinta a kai.

To ga abin da Mujitaba ya yi. Yana cikin motar haya daga Kaduna, inda ya je wani aiki, yana sauri ya riski suna. Sun wuce Zariya da kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, kanwar da ya kamata ta tsaya a takwas ta kai sha biyu, famfo kuma yana ta zuba. Zai iya kashe famfon daga wayar, amma kafin ya danna sabis ya ɗauke. Ya roƙi direba ya tsaya, direba ya ce in ya sauka ba zai jira shi ba. Mujitaba ya sauka a tsakiyar daji, ya manta jakarsa da kayan barka a mota, ya nausa cikin gona yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Babu. Ya hau jigawa, babu. Sai ya ga wata ɗorawa. Ku tuna mutumin nan ya haura arba'in da biyar, ga tumbi, ga sabuwar shadda. Ya cire takalmi ya kama hawa, ya zamo, ya sake kamawa, har ya kai reshe na uku, nan sanda ɗaya ta sabis ta fito. Ya danna, famfo ya tsaya. Galan ɗin da aka tanada don mako biyu, an riga an zuba fiye da rabinsa, kanwa ta kai sha huɗu. Da an ƙara minti goma sha biyar, da babu sauran labarin da zan ba ku.

Daga kan reshen ya shiga kira. Wayar Rumasa'u na cikin jaka, ta Sagiru na aljihun babbar riga ana ta yi masa barka, Hajja kuwa ba ta ɗaukar waya in tana da baƙi. Sau goma sha uku ya kira. A na sha huɗu ya tuna da ni. Hannuna na cikin kwanon shinkafa na ɗauka, sai na ji murya tana haki.

"Baba Sambo, don girman Allah ka tashi ka kira mini Rumasa'u, murjanin Hajja zai mutu."

Na ce, "Mujitaba, kana ina?"

Ya ce, "Ina kan bishiya, Baba."

Ban ƙara tambaya ba. Na tafi zaure da hannun miya ina rafka sallama har sai da wata ta gaji ta kira mini ita. Shi kuwa awa biyu ya yi a kan reshen nan, cinnaku na cizonsa, don lambobin a wayarsa kaɗai suke fitowa, kuma in ya sauko sabis ya tafi.

Ga kuma abin da Rumasa'u ta yi. Ta karɓi wayata ta shiga da gudu, ta yaye mayafin, ta ga fitilu biyu ja. Ruwan ya yi dishi-dishi kamar farau-farau, kifaye sun taru a sama, murjani ya tsuke bakunansa duka, fatar wani reshe ta fara saɓulewa. Falo ya kaure da shawara. Wata ta ce a ƙara gishiri, wata ta ce a matsa lemon tsami, wata ta ce baki ne, a yi tofi. Mujitaba kansa daga kan bishiya cewa yake na'urar ce ta haukace, don a saninsa tsami da kanwa ba sa hawa tare, a cire ta kawai. Da an bi tasa, da an zauna ana kallon ruwa ba a san inda cutar take ba.

Rumasa'u ta ɗauko tsofaffin kwalabenta ta auna da hannu, ta ga Ɗanɗanau gaskiya take faɗa, tsami ya hau, kanwa ta hau. Hayaƙi na ta shiga mata ido. Sai ta ɗebi ruwan akwatin rabin gora, ta fita tsakar gida, ta buɗe bakin gorar ta sha iska, ta rufe ta girgiza, ta sake buɗewa, ta sake girgizawa, mata na leƙe suna cewa malama ta zautu. Ta ɗiga magani. Launi ya juya, tsami ya sauka, alhali ba ta zuba komai a ciki ba sai iskar waje. Ta ce a waya, "Yaya, na'urarka lafiya lau take. Ba ruwan ba ne, ɗakin ne. Mu muke kashe shi da numfashinmu da turarenmu."

Gane cuta abu ɗaya ne, amma maganin ya fi ɗaci. Wa zai tashi mata arba'in daga falo a tsakiyar yinin suna, cikinsu har da Hajiya Kilishi, surukar Sagiru, wadda aka shimfiɗa wa darduma ta musamman? Rumasa'u ta durƙusa a gabanta ta ce, "Hajiya, ki yafe mini, ku yafe mini duka, amma dole kowa ya koma tsakar gida yanzu." Hajiya Kilishi ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. A kan dutse za a kore mu daga sunan jikata?" Rumasa'u ta miƙe. Ta naɗe hannu da mayafi, ta kwashe kaskon nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta sheƙa wa turaren uwarta ruwa a gaban uwarta, ta ƙone a tafin hannu ba ta ma sani ba. Ta yaye labule, ta buɗe tagogi, ta zare robar injin iska ta jona mata wata doguwa ta zura ta waje. Hajiya Kilishi ta ɗauki jakarta da mutanenta bakwai suka tafi ko abinci ba su ci ba, kuma har yau in Rumasa'u ta gaishe ta, da ka take amsawa.

Mutum ɗaya ce ba ta fita ba. Hajja ta ja kujerarta gaban gilashi ta zauna da carbi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai tsorata ni, don na san shi tun lokacin takaba.

Tsami ya fara sauka, mata na tsakar gida suna cewa alhamdulillahi. Rumasa'u ta ce tukuna. Kanwar da ta shiga ruwa ba a tsamo ta, kuma tsamin da ke tafiya shi ne dā yake danne zafinta, yanzu ne za ta fara ƙuna sosai. Mafita ɗaya ce, a kwashe rabin ruwan a zuba sabo cikin awa guda. Ruwan teku kuwa ba a haɗa shi a zuba nan take, sai ya kwana yana juyawa gishirin ya narke ya zauna. A duk faɗin garin nan, wa ke da duro guda na kwanannen ruwan teku?

To ga abin da Sagiru ya yi. Shekara biyu ke nan kullum yana da duro ɗaya a haɗe, ɗan inji na juya shi, in ya daɗe ya zubar ya sake haɗa wani. Yayyensa suna yi masa tsiya, Mujitaba yana cewa ai tunda akwai Ɗanɗanau wannan ɓarnar gishiri ce. Shi bai taɓa musu ba, bai kuma daina ba. Sai dai kwana uku kafin suna, da aka rasa wurin girke tukwane, shi da kansa ya kwashe duron daga gidan Hajja ya kai kamfaninsa a bayan kasuwa.

Na raɗa masa halin da ake ciki a kunne yana tsakiyar abokai. Angon ƙarni ya miƙe da babbar rigarsa ya fita da gudu. Motarsa tana cikin layi, rumfunan sunansa sun toshe ta gaba da baya. Ya hau acaɓa ya isa kamfani, babu kowa, don ya ba ma'aikata hutu su zo cin shinkafa. Babban titi kuma tirela ta faɗi, ko keke ba ya wucewa da kaya. Sai ya ga wani dattijo ɗan garuwa zaune da ɗaurarriyar ƙafa, kurarsa a gefe. Dattijon ya ce, "Ɗauki, Alhaji, amma ba ta da birki." Sagiru ya sauke jarkokin mutumin, don ko ɗigon ruwan rijiya ba a so ya shiga, ya ɗauko sababbi goma sha biyu daga sito, ya cika su shi kaɗai. Da ya taɓa ruwan sai ya ji rana ta gasa shi, in aka zuba haka dafa murjanin za a yi. Ya fasa ƙanƙara ya cusa tsakanin jarkokin, ya tuɓe babbar rigar da aka yi wata guda ana yi mata aiki, ya jiƙa ta ya lulluɓe, ya ɗora jaka biyu ta ruwan leda a sama.

Ya turo kurar nan ta lunguna. Wanda bai taɓa tura kura da jarka sha biyu ba, kada ya ce komai. A gangaren bayan masallaci ta ƙwace masa, ya tare ta da ƙirji. A kwata takalminsa ya tafi, farcen babban yatsansa ya bi shi. Hula tun a kasuwa ta faɗi. Mu muna ƙofar gida sai muka hango wani ɗan garuwa da singileti, ba takalmi, yana ihun a ba shi hanya. Wani daga cikin baƙi har ya ɗaga hannu zai kore shi, kafin ya gane mai suna ne. Minti hamsin da fitarsa.

Kada ku ɗauka an gama. Aka tsoma harshen Ɗanɗanau a sabon ruwan, Mujitaba ya karanto daga kan ɗorawa cewa gishiri talatin da takwas ne, alhali talatin da biyar ake so, rana ta sha duron. Rumasa'u ta yi lissafi a bango da gawayi ta faɗi ledar ruwa nawa za a ƙara. Matan da aka kora, da suka ga angon ƙarni a haka, sai suka ɗaura ɗamara suka yi layi, wannan ta yanka leda, wannan ta miƙa bokiti. Sagiru na janye tsohon ruwa da tiyo, Rumasa'u na zuba sabo a hankali, Mujitaba na kiran lamba kamar mai sanarwar ƙwallo: sha huɗu, sha uku, sha biyu. Ni ne mai riƙe waya. Da ta kai goma Rumasa'u ta ce a tsaya, sauran a hankali cikin kwanaki, don saukar gaggawa ma kisa ce. Nan Mujitaba ya ce, "To Baba, a turo wanda zai sauko da ni, ƙafafuna sun mutu."

Kwana uku murjani bai buɗe ba. Kwana uku Hajja ba ta sa komai a baki ba sai ruwan shayi. 'Ya'yan suna shiga suna fita, ba mai iya haɗa ido da ɗan'uwansa. A rana ta huɗu da hantsi aka aiko in zo. Na shiga. Sai na tarar da Hajja da kwanon ɗumame a cinya tana ci, fitilu uku kore shar, murjani ya buɗe bakunansa suna kaɗawa a ruwa. Reshe ɗaya ne ya mutu, ya yi fari kamar alli, yana nan har yanzu. Ni tsoho, sai da na share ido da hannun riga.

Hajja ta sa aka tara su ukun. Mujitaba duk jikinsa tabon cinnaku, Rumasa'u da bandeji a hannu, Sagiru na ɗingishi. Ta kai hannu wuya ta ciro silin murjanin nan da ba mu taɓa ganinta babu shi ba.

Ta ce, "Wannan na uwata ne, ita ma na uwarta ne. Ba a tsinka shi. Ina so in ba da shi da hannuna tun ina gani, ga wanda ya cece ni a cikinku. Kwana nake ina juyawa, duk wanda na ɗauka sai in ga fuskar sauran biyun." Sai ta juyo gare ni. "Malam Sambo, kai ka ga komai. Riƙe, ka kawo mini amsa ranar Juma'a."

Na nemi hanyar gudu, kada ku ce ban nema ba. Na ce a ba jaririya, tunda sunanki aka sa mata. Ta ce jaririya barci ta yi ranar, kuma ba wa jaririya ba wa ubanta ne ta bayan gida. Na ce to Rumasa'u ce mace, ita za ta sa. Ta ce kowannensu yana da 'ya mace, kuma ba wuya ta tambaye ni ba, aiki ta tambaye ni. Na ce a yi ƙuri'a. Ta dube ni irin kallon da ya sa na janye maganar.

Ga shi nan a aljihuna, ku gani, amma kada wanda ya taɓa da hannun goro. Ba don Mujitaba ya ƙera Ɗanɗanau ya kuma hau ɗorawa ba, da babu wanda ya san ana mutuwa a bayan mayafi, kuma da galan ya ƙare a ciki, amma shi ne ya ba famfo izinin zuba kanwa ba tambaya. Ba don Rumasa'u ta girgiza gora ta gane iska ce ba, ta kuma sayi baƙin jinin surukai har abada, da duk ruwan da aka zuba haka zai sake lalacewa, sai dai ita ta rufe tagogin, ita ta hura kaskon. Sagiru kuwa, ba don taurin kansa na shekara biyu da ƙirjinsa da farcensa ba, da an san cuta an san magani an zauna ana kallo. Shi ma ku tuna wa ya kwashe duron daga gidan, kuma taron wa ake yi.

Juma'a jibi ce, kuma tsohuwar nan tana jira. To, Mujitaba, Rumasa'u ko Sagiru, a hannun wa zan ce Hajja ta sa murjaninta?